Sabuwar taga a tsohon bango: abin lura kafin a taɓa gidan gado

Da wuya ma'aikacin da ya shekara goma a Abuja ya je ganin gida bai ji ɗakin mahaifiyarsa ya yi masa duhu ba. Idon da ya saba da faffaɗan gilashin ofisoshin Sakatariyar Tarayya da gidajen Gwarinpa, idan ya ɗaga kai ya ga 'yar tagar da ke can kusa da rufi, abin da ke fara zuwa masa shi ne a fasa bango a saka ta alminiyam. Sau da yawa kafin hutu ya ƙare an kira mai aikin, an gwada, an biya kafin alƙalami. Niyyar kyautatawa ce ga iyaye. Sai dai a gidan ƙasa taga ba ado ba ce kawai, domin ƙarfin bango da sanyin ɗaki da sirrin iyali duk suna rataye da ita.

Maginan da suka ƙanƙanta tagogin nan ba rashin sani ya sa su ba. Bangon tubali mai kauri ne daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa. Kaurin nan ne ke shanye zafin rana a hankali, ya sake shi cikin dare, shi ya sa soro ke da sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato. Ƙaramar kafa a sama tana fitar da iska mai zafi, wadda a kullum sama take tashi, ba tare da ta bar rana ta kwararo ciki ba. Faffaɗan gilashi kuwa akasin haka yake yi: hasken rana ya ratsa shi, zafin ya maƙale a ɗaki. Wanda ya yi wannan canji ya ɗora wa tsofaffinsa bukatar fanka, a garin da wuta ba ta zama, ga kuma tsadar man janareta tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Abu na farko da ya kamata a yanke shawara a kansa shi ne girman kafar, tun kafin a zo maganar irin tagar. Ƙasa tana jure nauyin da ke danna ta, amma ba ta jure ja ko lanƙwasa. Saboda haka ne ake ɗora azara a saman kowace ƙofa da taga, ita ce ke ɗauke nauyin bangon da ke bisa. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma tana da iyakar faɗin da za ta iya ɗauka, abin da bai wuce kimanin mita biyu ba. Idan aka faɗaɗa kafa aka bar tsohuwar azara, ko aka zuba lintar kankare mai nauyi a kan bangon da ba a yi shi dominta ba, tsaga kan fara daga kusurwar taga. Damina ɗaya ko biyu ta isa ruwa ya samu hanya. Mafi aminci shi ne a bar kafar yadda take. In ana son ƙarin haske, ƙananan tagogi biyu masu tazara sun fi babba guda ɗaya.

Na biyu shi ne fuskar da tagar ke kallo. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke shan dukan ruwa da iska. Bangon yamma kuwa shi ke karɓar ranar la'asar, wadda ta fi kowace ƙuna. Kudu da arewa sun fi dacewa da taga, musamman idan akwai kafa biyu masu fuskantar juna da iska za ta shiga ta fita. Haka nan tsawo: tagar da aka sauko da ita daidai ƙirjin mutum a bangon da ke kan layi ta rushe aikin da zaure ke yi, ta buɗe ɗaki ga duk mai wucewa. Wadda ke leƙa tsakar gidan maƙwabci kuwa tana iya jawo ƙarar da za ta kai gaban mai unguwa.

Daga nan sai irin tagar. Ta alminiyam mai zamewa ita ce ake yayi, ba ta tsatsa, gara ba ta ci, tana kuma tare ƙurar hunturu. Aibinta shi ne rabinta kaɗai ke buɗewa, don haka kafa mai faɗin mita ɗaya iskar rabin mita take bayarwa. Luba, wato mai jerin yankakken gilashi, tana buɗewa kusan gaba ɗaya, tana da sauƙin kuɗi, amma ƙura na bi ta tsakanin gilasan, kuma ɓarawo na iya zare su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarfe da masu walda ke yi tana da ƙarfi, sai dai tana ɗaukar zafi, tana kuma tsatsa in ba a bin ta da fenti. Wadda ta fi jituwa da bangon ƙasa ita ce ta katako mai marfi biyu, wadda ake wangalewa da dare a rufe da rana. Sharaɗinta shi ne katako mai ƙwari irin maɗaci, busasshe, wanda aka shafa wa maganin gara. Kowace aka zaɓa, kada a manta da ragar sauro.

Yadda za a kafa ta ma yana da muhimmanci. Masu aikin alminiyam sun saba da bulo, saboda haka sukan cike gefen taga da siminti. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Bayan ɗan lokaci shafen kan ja da baya, ruwa ya shige bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa na nan lafiya lau. Gara a fara kafa firam na katako a jikin bango, a ɗaure tagar a kansa, a cike gefe da irin ƙasar ginin, sannan a bi da makuba, shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. A kuma duba kada indararo ya riƙa zuba a kanta. Wannan aikin maginin gargajiya ne, shi ya kamata ya fara gani kafin mai gilashi ya zo da awonsa.

Akwai batun rai a ciki. Sandunan ƙarfen tsaro da aka kafe ba su da mabuɗi sun sha hana mutane fita a lokacin gobara. Ya kamata kowane ɗakin kwana ya samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Ɗakin da aka toshe ruf da gilashi kuma haɗari ne ga tsohuwar da ke shiga da kaskon gawayi a lokacin sanyi, domin iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari. Jami'an lafiya ma kan ja hankali a kan cunkoso da rashin iska a ɗaki duk lokacin da sanƙarau ya kunno kai da bazara.

A Ingila, dokar shekarar 1990 ta sa sauya tagar tsohon gidan da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi ba tare da izini ba ya zama laifi. A Najeriya, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kula ne da wuraren da aka ayyana, irin su Gidan Makama a Kano. Gidan gado na talaka ba shi da wannan kariya. Makomarsa na hannun ɗan da ke turo kuɗin gyara daga Abuja, da kuma ko zai tambayi masu kwana a ɗakin abin da ke damunsu kafin ya sa a ɗauko diga.