Zarton da Ake Ja da Zarton da Ake Turawa

Yau za mu leƙa wurin mutanen da ke aikin katako don sha'awa kawai, da kayan hannu, ba injin ba lantarki.

Ku ba Ba'amurke zarto, turawa zai yi. Ku ba ɗan Japan, ja zai yi zuwa jikinsa. Dalilin yana cikin ƙarfen: zarton da ake ja ba ya lanƙwashewa, don haka ana iya yin sa siriri, ya yanka katako ba tare da ɓarna ba. Makankarin katakonsu ma, wanda suke kira kanna, ja ake yi.

A kan wannan makankari ne 'yan Japan suka zurfafa. Suna da gasa mai suna Kezurokai, inda kafintoci da masu sha'awa ke haɗuwa a ga wa zai fitar da ɓawon katako mafi siranta. Gwanaye kan sauka ƙasa da maikiron 10, alhali silin gashin mutum ya ninka haka sau da yawa. Mutum zai shafe awanni yana wasa ƙarfe a kan dutse kafin ya taɓa katako. Wallahi abin ya cancanci girmamawa, domin irin wannan haƙuri ne ya raya ginin katako a ƙasar da ake rushe wurin ibadar Ise a sake gina shi duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma ta haka ƙwarewar ke wucewa daga tsofaffi zuwa matasa.

A Amurka sha'awar ta fi karkata ga kayan aikin kansu. Mutum zai bi kasuwar gwanjo ya samo tsohon makankarin kamfanin Stanley da ya yi tsatsa, ya gyara shi. Shirin talabijin na Roy Underhill, wanda ya fara a 1979, ya taimaka wajen farfaɗo da wannan.

A Suwidin kuwa, wuƙa da gatari sun wadatar. Yara suna koyon aikin hannu a makaranta, manya suna sassaƙa cokali daga ɗanyen itace.

Wannan ya fi kusa da namu masassaƙan, masu fitar da turmi da akushi da gizago. Bambancin shi ne namu sana'a ce ta ci da iyali. Idan akwai masassaƙi a unguwarku, ku kai yaranku su ga yadda yake riƙe gizago.