Linzami ko Maɓallin Tuƙi: Wanne Ya Fi Dacewa da Hannun Likita?

Likitan da ya saba duba tsokar da aka yanko daga jikin majiyyaci a ƙarƙashin madubin likita ba ya tunanin hannuwansa. Ɗaya na murza maɓallin da ke gusar da gilashin da tsokar ke kai, ɗaya na daidaita gani, ido kuwa bai bar kan ƙwayoyin halitta ba. Yanzu aiki ya fara komawa kan allo. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfanin Philips mai ɗaukar hoton gilashi gaba ɗaya, a riƙa tantance cuta da shi. Sai tambaya ta taso: da me za a riƙa yawo cikin wannan hoto?

Girman hoton shi ne tushen matsalar. Tsoka mai faɗin milimita 15 da tsawon 15, idan aka ɗauke ta da ƙarfin ninki 40, tana ba da ɗigo kusan 60,000 a kowane gefe. A allon kwamfuta na yau da kullum, wannan ya haura cikin allo 1,500.

Linzamin kwamfuta kowa ya iya shi, ga araha, kuma babu kamarsa wajen nuna ƙwaya guda, ko zana iyakar ƙari, ko auna nisansa da bakin yanka. Amma a ce da shi za a ratsa wannan fili! Ka danna, ka ja, ka saki, ka ɗaga hannu, ka komo ka sake ja. Hoton na tafiya yana tsayawa, ido na rasa inda ya kwana, kuma kafin la'asar wuyan hannu ya fara tsami. Abin da ya fi damuna shi ne, mai gajiya yakan tsallake lungu, a lungun kuwa cutar daji kan ɓuya.

Ɗaya na'urar, wato maɓallin tuƙi, irin SpaceMouse ta kamfanin 3Dconnexion, an ƙera ta ne don masu zanen injiniya. Maɓalli ne guda a kan gindi mai nauyi, ba ya barin wurinsa. Aikinsa kamar totur ɗin babur ne: ka matsa kaɗan hoton ya tafi sannu, ka ƙara matsawa ya ruga, ka saki ya tsaya. Da shi kuma ake kusanto da hoto ko a nisanta shi. Aibinsa, sabon hannu yakan zarce inda ya nufa, ga tsada.

An gwada su a Suwidin, aka buga sakamakon a 2015. Likitoci 6 suka duba gilasai da linzami, da wannan maɓalli, da faifan shafawa da yatsa. Lokacin gano cuta bai bambanta ba, amma 5 daga cikinsu maɓallin suka zaɓa, faifan shafawa ya zo ƙarshe. Mutum 6 ba su da yawa, sai dai zaɓinsu ya yi daidai da abin da hankali zai ɗauka.

A ganina kuskure ne a ɗora wa hannu ɗaya aikin da hannu biyu suka saba yi. Duk asibitin da zai sayi na'urar ɗaukar hoto mai tsadar gaske, kada ya yi ƙyashin ɗan abin da likita zai riƙe wuni guda. A ba shi maɓallin a hagu don tafiya, linzami a dama don nuni da awo.