Abin da Fatsa Ke Jawowa a Bakin Tekun Masar

Darrasa unguwar dutse ce da ƙura. Tana gabashin tsohon birnin Alƙahira, tsakanin Masallacin Azhar da titin Salah Salim. A nan ofishin Shehun Azhar da Darul Ifta suke, haka ma tsofaffin tsangayoyin Shari'a da Usuluddini da Larabci, inda 'ya'yanmu daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram ke karatu. Ruwan da ke unguwar bai wuce ɗan tafkin da aka gina a lambun Azhar ba, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudun da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana juji. Amma da an gama jarrabawa wajen watan Yuni, daidai lokacin da damina ke kankama a gida, zafin Masar yake kai maƙura, sai hankalin rabin birnin ya koma teku. Wasu su hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Wasu su bi mota zuwa Ainus Sukhna a gaɓar tekun Suwez, kimanin kilomita 120. Cikinsu har da ɗalibanmu waɗanda kuɗin jirgin gida bai samu ba.

A can bakin teku wasu fatsa suke yi. A wurinmu kuwa su sana'a ce, ta gado ma. Sarkawan Yawuri da masuntan Argungu da na Tafkin Chadi ba don nishaɗi suke shiga ruwa ba. Shi ya sa Bahaushe kan yi mamaki idan ya ga ma'aikacin gwamnati ko dattijo ɗan fansho ya kwana a kan dutse saboda ƙananan kifaye uku, alhali karfasar gona, wadda suke kira bulɗi, tana nan tuli a kasuwa. Masar ce kan gaba a Afirka wajen kiwon kifi, tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ashe mai fatsar nan ba yunwa ce ta kawo shi ba, iska ce da shiru da kuma jira.

Idan ka bi titin bakin teku na Iskandariyya har zuwa ganuwar Ƙaitabai, wadda aka gina a 1477, za ka same su jere a kan manyan tubalan kankare da aka zuba don karya igiyar ruwa. Kowa da doguwar sandarsa da suke kira bosa, mai mita biyar ko shida, da bokiti, da kofin shayi a gefe. Dubi hannun dattijo guda: ya ɓare jatan lande, ya yanka shi gutsi-gutsi kamar girman farce, ya soka a ƙugiya har tsininta ya ɓuya, ya matse 'yar dalma a jikin zare da haƙori. Kafin ya jefa sai ya damƙi jiƙaƙƙen burodi da aka cuɗa da yashi ya watsa a ruwa, don kifi ya taru. Ka ce masa "ya ammu", wato baffa, shi kuma da ya ji daga Azhar kake sai ya koma kiran ka "ya shaikh", ya matsa maka wuri.

Abin da zai fara koya maka shi ne lokaci. Da asuba ake zuwa, ko daf da magariba, ko cikin dare. Dalili kuwa yana cikin ruwan kansa. Ruwa marar zurfi yana saurin ɗaukar zafi, kuma a watan Agusta na Iskandariyya yakan kai digiri 27 ko 28. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Tsakanin digiri 15 da 28 yana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi kuma kifi zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne, don haka da ruwa ya ɗumama buƙatarsa ta iskar take ƙaruwa, a daidai lokacin da ta ragu. Da rana tsaka manyan kifaye sukan ja baya zuwa zurfi ko su lafe a ƙarƙashin duwatsu. Sai haske ya yi rauni suke matsowa gaɓa farautar ƙanana. A Sukhna akwai ƙarin lissafi: tekun Suwez yana cika yana janyewa sau biyu a yini, bambancin yakan wuce mita guda, kuma kifi yana biyo ruwan da ke shigowa ne. A Bahar Rum, inda Iskandariyya take, wannan cika da janyewa kaɗan ce ƙwarai, iska ce ke da ta cewa.

To, me ke kama ƙugiya? Tsofaffin 'yan gida suna nan: dinis, ƙarus, buri, marmar, sharagish. Amma yawancin abin da mai fatsa ke jawowa a kan duwatsun Iskandariyya a bazara wani ɗan kifi ne mai launin toka da kore da suke kira baɗaɗa, kuma kakannin masuntan garin ba su san shi ba. Baƙo ne daga Bahar Maliya.

Labarinsa ya faro ne daga Nuwamban 1869, da aka buɗe mashigin Suwez. Mashigin ba shi da ƙofofin tare ruwa, hanya ce a buɗe tsakanin tekuna biyu da suka daɗe a rabe, kuma mafi yawan watannin shekara ruwansa arewa yake gangarawa. Duk da haka, shingaye biyu sun daɗe suna tare baƙi. Na farko tafkunan da ake kira Buhairatul Murra a tsakiyar hanya, waɗanda kafin haƙa mashigin kwarin gishiri ne busasshe. Da ruwa ya cika su sai suka yi gishirin da ba kowace halitta ke iya ratsawa ba. A hankali gishirin ƙasan ya narke ya tafi, har ruwan ya kusa daidaita da na tekun Suwez. Shinge na biyu Kogin Nilu ne. Kowace shekara ambaliyarsa takan kwararo ruwan daɗi mai yawa cikin teku kusa da bakin mashigin a Bur Sa'id, ta tsarma gishirin, kifin Bahar Maliya kuwa bai saba da hakan ba. Madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, ta tsayar da ambaliyar tun tsakiyar shekarun 1960. Ta kuma tare taɓon da ke ciyar da teku, har kamun sardin ya faɗo daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 kafin ƙarshen shekarun. Sannan aka yi ta faɗaɗa mashigin: zurfinsa ya tashi daga mita 8 zuwa 24, a 2015 kuma aka ƙara sabuwar hanya mai kilomita 35. Bahar Rum ɗin ma ɗumama yake yi, abin da ya yi wa baƙin daɗi. Yau an ƙirga fiye da nau'in kifi 100 da suka ƙetaro.

Ba dukansu ne masifa ba. Ƙaguwa mai shuɗin ƙafa da ake sayarwa a kasuwannin Alƙahira ta wannan hanya ta zo. Baɗaɗa ma, wanda aka fara gani a Bahar Rum a shekarun 1920, yana da daɗi a soye, ko da yake yana kiwon ciyawar teku har ya bar duwatsu tsirara. A kula da ƙayoyin bayansa wajen cire ƙugiya, suna da dafi mai raɗaɗi. Maganin gaggawa shi ne a tsoma hannu a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure.

Wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kifin da Misirawa ke kira arnab, wasu kuma ƙarrad. Duk wanda ya san talibambam na kogunanmu zai gane dangi ne: an taɓa shi ya kumbura. Wannan dai dogo ne, bayansa da ɗigo-ɗigon baƙi, gefensa da zane mai ƙyallin azurfa, cikinsa fari, bakinsa da manyan haƙora huɗu masu datse zare har da ƙugiya. An fara tabbatar da shi a Bahar Rum a 2003 a gaɓar Turkiyya, yanzu ya cika gabashin tekun, kuma ƙananansa suna shigowa ruwa marar zurfi a bazara. A hantarsa da ƙwansa da hanjinsa da fatarsa, wani lokaci har tsokarsa, akwai guba mai suna tetrodotoksin, wadda takan fi yawa a lokacin hayayyafa, wato daga farkon zafi zuwa tsakiyarsa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, firiza ma haka. Aikinta toshe hanyar saƙo a jijiyoyi. Leɓe da harshe su fara mutuwa, wani lokaci kafin awa guda, sai gaɓoɓi su saki, sai numfashi ya gagara, mutum kuwa yana cikin hayyacinsa. Ba ta da makari. Abin da ke ceton rai shi ne a kai mutum asibiti da wuri a sa masa na'urar numfashi har jiki ya fitar da ita.

Ɗalibin fiƙihu zai iya cewa ai a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar teku halal ce. Gaskiya ne, amma malaman da suka faɗi haka su ne suka haramta cin abin da ke cutarwa, kuma babu saɓani a kan guba. Hukumomin Masar sun hana kama shi da sayar da shi, Ma'aikatar Lafiya tana maimaita gargaɗi, duk da haka ana samun masu feɗe shi su cire kai su sayar da tsokar da araha. A ganina nan hatsarin ya fi kusa da ɗalibi mai ƙaramin guzuri, ko bai taɓa riƙe bosa ba. Kifin da ba ka ga kansa da fatarsa ba, bar shi ga mai shi.

Sauran ka'idojin gajeru ne. Kamun nishaɗi ma yana da lasisi a Masar, wasu gaɓoɓin na soja ne, kuma akan rufe su na wasu watanni a tekun Suwez da Bahar Maliya don kifi ya hayayyafa; a tambaya kafin a jefa. Wanda bai iya iyo ba kada ya sauka daga dutse, domin a bakin ruwan Nakhil da ke Ajami sama da mutum goma suka nutse rana ɗaya a Yulin 2020, yawancinsu garin ceto.

Turkiyya ta kai ga biyan masunta kuɗi a kan kowace wutsiyar arnab da suka kawo. Ƙungiyoyin ɗalibanmu a Alƙahira ba sa buƙatar ko sisi: hoton kifin nan a allon sanarwa na Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, da bayani cikin Hausa, kafin hutun Yuli.