Kyamarar da ke ganin zafi: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Jama'a, yau kan na'urar nan muka sauka, wadda manyan masu gyaran lantarki da kanikawa ke riƙewa kamar bindigar wasan yara suna auna taransifoma da ita. Kyamarar ganin zafi ke nan, mai tona asirin wayar da ke dahuwa tun hanci bai ji ƙauri ba. To bismilla.

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku yana auna zafin kowanne, sai ya tarar ma'aunin ya fi hawa a bayan ja, inda ido ba ya ganin komai. Nan aka gano hasken infirared, wanda kyamarar ke aiki da shi. An fita neman launi, an dawo da marar launi.

Kowane abu yana fitar da wannan haske gwargwadon zafinsa, daga tukunyar da ke kan murhu har ƙanƙarar mai zoɓo, shi ya sa kyamarar ba ta neman fitila. Tsakar dare da tsakar rana, duk ɗaya wai makaho ya yi dare.

Sai dai fa ranar da aka ɗauke wuta, mai kyamara ma ya samu hutu, domin wayar da ba ta ɗauke da lodi ba ta zafi, ko da ciwo a jikinta. Masu sana'ar sun fi son a duba kaya suna jan aƙalla kashi 40 cikin 100 na lodinsu. Sai an aza kaya ake gane jakin da ke ɗingishi.

Ja da ruwan ɗorawa da shuɗin da kuke gani a fuskar kyamarar duk fenti ne da na'urar ta shafa don ido ya huta, kuma takan ba wuri mafi zafi a hoton launin wuta ko da ɗuminsa bai kai na kofin shayi ba. A duba lamba kafin a kira 'yan kwana-kwana.

Lissafin zafin waya ba ya wasa: in wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau 2, zafin da take haifarwa sau 4 yake ninkawa, in ta ninka sau 3 ya zama sau 9. Mai jona dutsen guga da hita da firij a soket ɗaya, muna gaisuwa.

Gwani yana bambance ciwo biyu da kallo ɗaya. In noti ne ya saki ko mahaɗa ta yi tsatsa, zafin yana taruwa a wurin haɗin ya riƙa dusashewa in aka bi wayar. In kuwa lodi ne ya yi yawa, wayar ce za ta ɗau zafi tun daga kai har wutsiya. Na farko sufana, na biyu sai an sauke kaya.

A wutar masana'antu mai layi uku ba a wahalar neman abin kwatance, layukan ake jerawa a hoto ɗaya, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ake tsarewa da tambaya. 'Yan uku ne, ɗaya ya fita zakka.

Sanyi ma laifi ne. Fiyus ɗin da ya tsinke yakan fito a sanyaye tsakanin 'yan'uwansa masu ɗumi, don babu abin da ke bi ta cikinsa. Kowa na gumi, shi yana shan iska.

Yanzu ga inda sabon shiga ke shan kunya. Jan ƙarfe ko alminiyon da aka goge yana sheƙi ba ya fitar da infirared sosai, sai ka ga sandar da za ta iya sale fatar hannu ta fito a hoto kamar ba ruwanta. Kyan ɗan maciji ke nan.

Abin bai tsaya nan ba, irin wannan ƙarfe madubi ne a idon kyamarar, yana maido mata ɗumin duk abin da ke gabansa, har da jikin mai riƙe da ita. In ka matsa gefe tabon zafin ya matsa tare da kai, malam, kai ne matsalar.

Maganin wannan ƙarya kuwa ba ya kai kuɗin kati: a manna ɗan baƙin salatif na masu wayarin a jikin ƙarfen tun wuta na kashe, in ya ɗau zafin wurin a auna a kansa. Na'urar miliyoyi, ga ta tana neman alfarmar salatif.

Gilashin taga, wanda ido ke ratsawa ba sallama, bango ne a wurin kyamarar, shi ya sa mai tabarau ke fitowa da baƙaƙen ramuka biyu a fuska. Idon kyamarar kansa galibi da wani ma'adini ake yin sa mai suna jamaniyom, wanda kai ba za ka ga komai ta cikinsa ba, kuma yana cikin abubuwan da ke sa ta tsada. Kowa da tagarsa.

Baƙar leda kuwa, wadda muke ɓoye cefane a ciki don idon maƙwabta, ba ta rufa wa kowa asiri a nan: sa hannunka ciki, yatsu biyar za su fito ɓaro-ɓaro. Mai tsire a leda, a yi hattara.

Abin da finafinai ke nunawa na hango mutum ta bayan bango, zuƙi ta malle ce. Zafin saman abu kawai kyamarar ke karantawa, don haka sai an buɗe murfin akwatin lantarki. Da yake buɗe shi da wuta a ciki na iya jawo tartsatsin da ke kisa, manyan masana'antu kan huda murfin su sa 'yar taga ta musamman da infirared ke ratsawa. Leƙe ya halatta, taɓawa ce babu.

Masu injinan lantarki suna da wani ƙiyasi da suka daɗe da shi: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa injin yana raba tsawon ran rufin kwayil ɗinsa gida biyu. Mai naɗin kwayil dai ba ya fushi da wannan lissafi.

Boris ɗin da ya bushe yana zafi, wannan kowa ya sani. Abin dariyar shi ne wanda aka ɗura wa giris fiye da kima shi ma zafin yake yi, don ƙwallayen sai sun yi ta dama giris ɗin kafin su juya. Gata ma in ya yi yawa, zazzaɓi yake sawa.

Bel ɗin da aka ɗaure tamau yana gasa boris, wanda ya yi sako-sako kuma yana zamewa ya gasa kansa. Ba ka da tsira sai tsakiya.

Ba sai an hau tanki an leƙa ba: ruwa ko mai ba ya ɗaukar zafi da saurin iskar da ke samansa, sai iyakarsa ta fito a jikin tankin kamar an ja layi. Haka fukafukan taransifoma, in wasu sun yi sanyi alhali sauran na da ɗumi, ana zargin mai ya ja baya ko hanya ta toshe. Mai gadin tankin dizal ba ya son wannan labari.

Iska maƙaryaciya ce, rana kuma mai ƙarin gishiri. Hunturu na kaɗawa zai fifita mahaɗar da ke ci ta fito kamar zafinta da sauƙi, rana tsaka kuma ta gasa lafiyayyen ƙarfe ya yi kama da mai ciwo, shi ya sa masu duba layukan waje suka fi son asuba ko bayan magariba. Aikin na masu sammako ne.

Farantin sola ne ya karya wannan doka, shi sai rana ta take ake duba shi. Kashin tsuntsu ko ganye guda in ya rufe gida ɗaya a farantin, gidan kan daina ba da wuta ya koma shan ta maƙwabtansa, ya yi zafi har ya iya ƙonewa. Tattabarun unguwa, an gano ku.

Masu gyaran wayar hannu ma sun karɓi kyamarar hannu biyu: a ba allon wayar 'yar wuta kaɗan, ƙwayar da ta haɗe, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, sai ta haska ita kaɗai. Kafin zuwanta akan shafa sinadari mai saurin bushewa a zuba ido a ga inda zai fara ƙafewa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A gareji, silindar da ba ta ƙona mai tana barin bututun hayaƙinta da sanyi, birkin da ya riƙe yana sa ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi, lagireton da ya toshe kuma ya fito dabbare-dabbare. Motar ba ta magana, amma ta faɗi komai.

In kun ji kyamarar ta yi ƙas, hoton ya tsaya cak na ɗan lokaci, ba lalacewa ta yi ba, wani ɗan marfi ne a ciki ke rufe mata ido ta daidaita ma'auninta. Ita ma tana ƙiftawa.

Ƙananan da ake sayarwa ko'ina da yawansu ba sa wuce hoto 9 a daƙiƙa, don masu saurin da ya fi haka suna shiga dokokin fitar da kayan da soja ma ke amfani da su, musamman daga Amurka. Hoton na tafiyar hawainiya, amma ba a tsare shi a kan iyaka.

A shekarun 1960, lokacin da aka fara duba layukan lantarki da irinta a Suwidin, sai an ɗura mata ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri kafin ta ga komai, ga nauyi sai an sa ta a mota. Yau akwai wadda ake maƙalawa a gindin wayar hannu. Jika ya fi kaka sauƙin hali.

Mai ɗigo 160 a kwance da 120 a tsaye tana da ɗigo 19,200 kacal, abin da kyamarar wayarku za ta yi wa dariya, sai dai kowane ɗigo ma'aunin zafi ne mai zaman kansa. Ba ta iya hoton biki ba, ba kuma a gayyace ta ba.

Mesa ta riga kowa: tana da 'yan ramuka a leɓɓanta da ke jin ɗumin ɓera ko tsuntsu cikin duhu. Ba batir, ba caji, ba garanti.

Dafa bango da tafin hannu ka ɗauke, sawun zai zauna a hoton na ɗan lokaci, haka kujerar da aka tashi daga kai yanzun nan. Yaron shagon da ya rantse bai zauna kujerar oga ba, a kawo kyamara.