Farin Aku Mai Tukku da Nauyin da Ke Kan Mai Kiwonsa

Bahaushe ya daɗe da sanin aku, tun kafin Abubakar Imam ya ba shi sarautar waziri a Magana Jari Ce a 1937. Sai dai wanda muka sani shi ne mai ruwan toka da jar wutsiya, ɗan dazuzzukan Kamaru da Kwango. Yanzu wani ya shigo mana ta wayoyin hannu: kokatu, fari fat, mai tukkun da ke buɗewa kamar lema idan ya ji daɗi ko ya tsorata. Ana ganinsa yana rawa, yana kwantar da kai a ƙirjin mai shi, sai sha'awa ta kama mai kallo.

Asalinsa tsibiran Maluku ta Arewa ne a Indonesiya, irin su Halmahera da Bacan, inda ruwan sama ba ya yankewa. Tsawonsa kusan santimita 46, kuma a hannun mai kula yakan yi shekara 40 zuwa 60. Ke nan wanda ya saye shi yana saurayi, ƙila 'ya'yansa ne za su gaje shi.

Halin da ke sa a so shi, shi ne kuma ke wahalar da mutane. A daji ba ya rabuwa da 'yan'uwansa, don haka a gida sai ya zaɓi mutum guda ya manne masa. In mutumin ya fita, ihu yake yi wanda maƙwabta ba za su yafe ba, musamman da sassafe da almuru. In ya balaga kishi kan shige shi, ya ciji matar gida ko yaro, da bakin da ke farfasa katako. Idan kaɗaicin ya yi tsawo kuwa, sai ya koma fige gashin jikinsa har ƙirji ya zama tsirara, wani ma ya kai ga fata. Wannan ciwon damuwa ne, kuma da wuya ya warke in ya kama. A ganina wanda ba zai iya ba shi sa'o'i a wajen keji kullum ba, bai kamata ya taɓa shi ba.

Sai maganar muhalli: a auna shi da gari kamar Tegiddan Tesum, arewa da Ingal a jihar Agadas. Arzikin garin gishiri ne, da ake dafa shi da rana a ƙananan ramukan laka, kuma makiyaya sun san amfaninsa ga raƙumi da saniya. Shi ya sa suke haɗuwa a yankin Ingal a ƙarshen damina. To abin da ke gyara raƙumi yana cutar da aku, domin ƙodarsa ba ta ɗaukar gishiri mai yawa, ko a ruwan sha ko a ragowar abinci. Ga busasshiyar iskar hunturu ga tsuntsun da fatarsa ke son laima, dole a riƙa yayyafa masa ruwa mai daɗi a wurin da ruwan ke da tsada. Huhunsa ma ba ya jure hayaƙin gawayi, turaren wuta ko maganin sauro. Gero da gyaɗa kaɗai ba su ishe shi ba, yana buƙatar ganye da 'ya'yan itace, gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana iya kashe shi. Shi kansa yana zubar da farar ƙura daga gashinsa, wadda ke tayar wa mai asma.

Sai maganar inda ake samo su. Kamun daji ya rage kokatu har ya shiga jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Akunmu mai jar wutsiya ma haka: a Gana ya kusa ɓacewa, kuma a taron CITES na 2016 a Johannasbag aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Da yawa daga cikin waɗanda ake kamawa a hanya suke mutuwa, a cunkushe cikin akwati, kafin ɗaya ya iso hannun mai saye.