Yadda aka ƙirƙiro wasan Threes

A cikin salula akwai wasanni iri-iri. Waɗansu na tsere ne, waɗansu na faɗa, waɗansu kuma na wasa ƙwaƙwalwa ne, kamar dara. Manyan kamfanoni sukan tara ma'aikata da yawa don su yi wasa guda. Amma akwai ƙananan wasanni waɗanda mutum biyu ko uku suke yi da kansu, da kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Threes, wato "uku-uku" da Ingilishi.

Samari uku ne suka yi shi a ƙasar Amurka. Asher Vollmer ya tsara dokokin wasan, ya kuma rubuta umarnin da kwamfuta take bi. Greg Wohlwend ya yi zane. Jimmy Hinson ya yi kiɗa.

Ga yadda wasan yake. A fuskar salula akwai fili mai gida 16, huɗu a tsaye, huɗu a kwance. A cikin gidajen akwai ƴan katuna, kowane da lambarsa. Mai wasa yana jan yatsa sama ko ƙasa, dama ko hagu, sai katunan su matsa gida ɗaya zuwa wajen da ya ja. In 1 ya gamu da 2, sai su haɗe su zama 3. Daga nan sai iri ɗaya ke haɗewa: 3 da 3 su ba da 6, 6 da 6 su ba da 12, 12 da 12 su ba da 24, har gaba. Amma 1 ba ya haɗewa da 1, 2 kuma ba ya haɗewa da 2. Duk jan da aka yi, sabon kati yana shigowa daga gefe. In gidaje suka cika, babu katin da zai iya motsi, wasa ya ƙare.

Vollmer ya sami wannan dabara ne sa'ad da yake neman wasan da za a yi da maɓallai huɗu kawai na kwamfuta. Cikin dare ɗaya ya haɗa gwajin farko. Babu ado, babu kiɗa, lambobi ne kurum suke motsi. Haka masu wannan sana'a suke farawa. Suna so su gani tun da wuri ko dokar wasan tana da daɗi, kafin su ɓata lokaci wajen ƙawata ta.

Mai karatu zai ce aiki ya kusa ƙarewa ke nan. Ina! Sai da suka yi wata 14.

Abin da ya cinye musu lokaci shi ne tsoro. Suna ganin wasan ya cika sauƙi, mutane ba za su saye shi ba. Sai suka shiga ƙare-ƙare. Suka sa wani dodo mai cinye katuna. Suka sa bango mai tare hanya. Wohlwend ya yi ta canza zane: ya mai da katunan shinkafa da kifi, irin abincin mutanen Japan, ya mai da su dabbobi, ya mai da su adon tufafi. Duk sabon abin da suka yi, sai su ba waɗansu mutane su gwada, su kuma su zuba ido. Wannan gwaji shi ne alƙali. Wanda ya yi wasa ya san dokokinsa sarai, don haka ba ya ganin inda baƙo zai rikice. Masu gwajin kuwa sun yi ta rikicewa. Sun fi gane lambobi.

Daga bisani samarin suka haƙura. Suka fitar da dodo, suka rushe bango, suka koma ga lambobin daren farko. Kati mai 1 ya zama shuɗi, mai 2 ja, sauran farare. Abin da suka bari na ado kaɗan ne: kowane farin kati yana da ƴar fuska da murya tasa.

Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2014 wasan ya fito a salular iPhone. Kuɗinsa kimanin dalar Amurka 2 ne, wato kusan jika guda ta sefa a lokacin. Mutane suka so shi ƙwarai.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan kwana 21 sai ga wani wasa mai suna 1024, wanda ya kwaikwayi nasu. A watan Maris kuma wani saurayi ɗan ƙasar Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya duba 1024 ya yi nasa cikin hutun ƙarshen mako. Ya sa masa suna 2048, ya saka shi a intanet kyauta. Ya fi Threes sauƙi, ga shi ba a biya, sai ya bazu ko'ina cikin duniya. Har waɗansu suka riƙa cewa Threes ne ya kwaikwayi 2048.

Abin ya yi wa Vollmer da Wohlwend zafi. Suka tattara ɗaruruwan wasiƙun da suka rubuta wa juna cikin watannin aikin, suka baje su a intanet, don kowa ya ga hanyar da suka biyo. A ƙarshen shekarar 2014 kamfanin Apple ya zaɓi Threes a matsayin wasan iPhone da ya fi kowane. A 2015 kuma suka fitar da wani na kyauta, wanda talla take biyan kuɗinsa.

Aikin yi

Ku zana gida 16 a kan allo ko a ƙasa. Ku yanka ƴan takardu, ku rubuta 1, 2 da 3 a kansu. Ɗaya ya yi wasa, ɗaya ya riƙa saka sabon kati. Bayan haka ku canza doka guda, ku ba ɗan wani aji ya gwada. Kada ku taimake shi, ku dai lura da inda ya tsaya.