Idan 'Yarki Ta Ce Fannin Lafiyar Ƙwaƙwalwa Take Son Karanta

Uwargida, da yarinya ta ce likita ko nas take son zama, sai gida ya cika da murna. Amma da ta ƙara da cewa a ɓangaren ƙwaƙwalwa ne, sai ki ji an ce, "Da mahaukata za ki yi aiki?" Kafin ki hana ta, dubi abin da ke bakin ƙofarmu.

Ambaliyar 2022 ta cinye gidaje da gonakin shinkafa a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Ruwa ya janye, an sake gini, amma akwai matan da har yau ba sa iya runtsawa idan hadari ya haɗo. Akwai magidancin da ya daina magana tun da bashin noma ya hau kansa. Ga mai jego da ke kuka ba dalili, a ce iska ce, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na masu jego kan kamu da irin wannan larura, galibi ciwon damuwa. Ana warkewa, masu duba su ne suka yi kaɗan. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Mu a nan, sau da yawa sai an niƙi gari zuwa Kazaure ko Dawanau.

Hanyoyin shiga fannin suna da yawa. Mai son zama likita za ta yi shekara 6 a jami'a kamar ta Bayero, sannan ta ƙware a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Mai son jinya za ta iya farawa a kwalejin Birnin Kudu, bayan ta samu lasisi ta ƙaro karatun jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitin tarayya na Barnawa, Kaduna. Waɗannan biyun suna buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks.

Wadda ba ta yi kimiyya ba ma tana da ƙofa. Akwai ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jos, da ilimin zamantakewa a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Daga nan ake samun jami'an walwalar jama'a, masu bibiyar marayu da sasanta ma'aurata da nemo wa marar galihu tallafi a asibiti. Ma'aikatar mata, makarantu da ƙungiyoyin agaji duk suna ɗaukarsu.

Doka ma ta sauya. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci.

Aikin yana da nauyi, yana son haƙuri da riƙe sirri. Amma matar da ke cikin damuwa ta fi buɗe cikinta ga mace 'yar uwarta mai jin Hausarta, wadda ta san zafin rasa rumbu. Ki zauna da 'yarki kafin ta cike fom ɗin JAMB, ku duba darussan da kowane kwas ke nema, ki kuma taya ta shawo kan mahaifinta.